Jirgin Siyatal: An Biya Lanho, Ba A Shiga Ba

Duk wanda ya taɓa shiga taksi a Yamai ko Maraɗi ya san direba ba ya rasa maganin matsalar gari. Kafin a kai mutum inda za shi, an gaya masa wurin da ya kamata a fasa sabuwar hanya, da ministan da ya kamata a sallama, da abin da zai sa farashin hatsi ya sauka. Fasinja ya biya, ya fita, maganar ta bi iska. A birnin Siyatal na Amurka ne aka samu wani direban taksi da tasa maganar ba ta bi iska ba. Ta zama doka, ta haifi hukuma mai shugabanni da ma'aikata, ta sa aka aza wa masu motoci lanho, aka kuma kira mutanen gari rumfar zaɓe har sau biyar a kanta cikin shekara takwas. Da aka tashi lissafi a ƙarshe, ko ginshiƙi ɗaya ba a kafa ba.

Siyatal tana arewa maso yammacin Amurka, cikin jihar Washinton, ba nisa da iyakar Kanada. Nan ce mahaifar kamfanin jiragen sama na Boeing, nan ne kuma mazaunin Amazon. Ƙidayar shekara ta 2000 ta ba birnin mutum 563,000 da ƴan kai, ban da garuruwan kewaye da ke kwararo masa ma'aikata kowace safiya. Allah ya yi garin a matse tsakanin ruwa biyu, reshen teku daga yamma, babban tabki daga gabas, tsakiyarsa ta tsuke kamar ƙugun kalangu, ga tuddai ko'ina. Mai son tafiya daga arewa zuwa kudu dole ya ratsa ta wannan ƙugu, a nan kuwa kasuwanci da ma'aikatu suke. Sai motoci su yi cirko-cirko safe da maraice, ma'aikaci ya bar gida da duhu, ya komo da duhu.

Jirgin da ake magana a kansa shi ne wanda Nasara ke kira monoray, wato jirgi mai dogo ɗaya. Bahaushe ya ce jirgin ƙasa, to wannan ba ya taɓa ƙasa. Ana jera ginshiƙan kankare a tsakiyar titi ko a gefensa, a aza musu doguwar azara ta kankare wadda faɗinta bai kai mita ɗaya ba, jirgin ya hau ta yadda mahayi ke hawan doki, ƙafa nan ƙafa can. Tayoyin roba gare shi, wasu a bisa suna ɗauke da nauyi, wasu a gefe suna rungume da azarar don kada ya kife. Lantarki ke jansa. Ba ya tsayawa a mararraba, ba ya gamuwa da kamyo ko mai keke, ba shi da ƙarar ƙarfe bisa ƙarfe, kuma yana hawan tudun da jirgin ƙasa na gargajiya zai tsaya yana haki.

Mutanen Siyatal ba a labari suka ji shi ba. A shekara ta 1962 garinsu ya karɓi baje kolin duniya, kamfanin Alweg na Jamus ya kafa musu wani ɗan gajeren layi daga tsakiyar gari zuwa filin bikin. Cikin wata shida ya ɗauki miliyoyin mutane, ya mai da kuɗin gininsa tun kafin a watse. Har yau yana kai da kawowa, tafiyar kamar minti biyu. Da wuya a samu ɗan garin da bai shige shi yana yaro ba, a hannun uba ko kaka, kuma wannan ƙauna ta ƙuruciya ta yi aiki a ranakun zaɓe fiye da lissafin kowane injiniya.

Bayan ƙauna akwai haushi. A 1968 da 1970 an gabatar wa mutanen yankin shirin babban jirgin cikin gari wanda gwamnatin tarayya za ta ɗauki mafi yawan kuɗinsa. Doka ta ce sai an samu kashi 60 cikin 100 na ƙuri'u, ba a samu ba, kuɗin tarayya suka wuce birnin Atlanta, can aka gina jirgin. Siyatal ta zauna da bas-bas ɗinta. Sai a 1996 aka amince wa wata hukumar yanki, Sound Transit, ta shimfiɗa jirgin ƙasa mara nauyi, ita kuwa ba a daɗe ba ta shiga ƙarin kuɗi da ɗage rana. Talakan garin ya gaji da taro, ya gaji da bincike a kan bincike. A irin wannan hali duk wanda ya zo da magana gajera ana saurarensa.

Dick Falkenbury shi ne direban. Yawon taksi ya sa ya san kowane lungu da kowane wurin da motoci ke cushewa. Ya ɗauki taswirar gari, ya ja layi biyu masu giciye, alamar X, daga kusurwa huɗu na birnin su haɗu a tsakiya, tsawonsu ya haura kilomita 60. Dokar garin ta ba kowane mazauni damar kai magana zaɓen raba gardama in ya tara sa hannun jama'a adadin da aka yanka. Shi da wani abokinsa marubuci, Grant Cogswell, suka riƙa ajiye alluna a bakin titi, da taswirar da takardar sa hannu, mutane na tsayawa suna sawa. Manyan gari suka yi dariya. A watan Nuwamba na 1997 aka kaɗa ƙuri'a, kashi 53 cikin 100 suka ce sun yarda.

Mai karatu ya lura da abin da aka amince da shi a wannan rana: hoto ne, ba kasafi ba. Takardar ta ce a kafa kamfani na jama'a ya nemi ƴan kasuwa su zuba jari. Ƴan kasuwa kuwa, a Amurka kamar a kasuwar Dole ta Damagaram, ba su zuba kuɗi inda ba su ga ranar dawowarsu ba. Ba wanda ya zo. A shekara ta 2000 majalisar gari ta nemi binne maganar a hankali, masu ƙaunar jirgin suka sake tara sa hannu, suka sake cin zaɓe a Nuwamba na wannan shekara, da kashi 56 cikin 100. A wannan karo aka ba su dalar Amurka miliyan 6 da wa'adin shekara biyu su kawo shiri na gaske, da hanya, da tashoshi, da inda kuɗi za su fito.

Shirin ya fito a 2002. An bar alamar X, an ɗauki ƙafa ɗaya da aka sa wa suna Koren Layi: kilomita 22 da rabi, tasha 19, daga unguwar Ballard a arewa, ta ratsa filin baje koli da tsakiyar gari da filayen wasa, ta haye zuwa Siyatal ta Yamma. Kuɗin aiki dala miliyar 1 da miliyan 750. Aka yi alkawarin buɗe sashe na farko a watan Disamba na 2007, sauran a 2009. Ba za a nemi ko sisi daga gwamnatin jiha ko ta tarayya ba, masu shirin ma sun mai da wannan abin alfahari: jirgin jama'a ne, jama'a za su biya. Hanyar biyan ita ce lanho a kan motoci, irin binyet da masu mota suka sani a Nijar, amma mai nauyi: kashi 1.4 cikin 100 na darajar mota kowace shekara. Mai motar dala 10,000 ya biya 140, mai ta 30,000 ya biya 420, haka duk shekara har sai an gama biyan bashi.

Da aka kawo maganar aljihu sai ƙauna ta fara sanyi. A zaɓen Nuwamba na 2002 kusan mutum 190,000 suka kaɗa ƙuri'a, jirgin ya tsallake da ratar 877 kacal. Duk da haka doka doka ce. Aka kafa hukuma mai cin gashin kanta, ba ta ƙarƙashin magajin gari, ba ta ƙarƙashin majalisa, tana da ikon karɓar lanho, da cin bashi, da sayen filaye ko mai fili bai so ba. Tom Weeks ya shugabanci kwamitin gudanarwa, Joel Horn ya zama darakta.

Ramin farko ya bayyana tun a 2003, kuma ba a ƙasa aka haƙa shi ba, a takarda ne. Da aka fara karɓar lanhon sai aka ga abin da ke shigowa ya gaza hasashe da kusan kashi ɗaya cikin uku. An yi kuskure wajen ƙiyasta yawan motocin da ke cikin birni da darajarsu. Ga kuma abin da kowane ma'aikacin lanho ya sani ba sai an aika shi makaranta ba: in haraji ya tsaya a iyakar gari, mota sai ta koyi ƙaura. Wasu mazauna suka riƙa rajistar motocinsu da adireshin ɗan'uwa ko akwatin gidan waya a garuruwan maƙwabta, alhali motar a Siyatal take kwana. Masu biya tsakani da Allah su ma suna gunaguni, don jadawalin da aka yi amfani da shi yana yi wa mota kuɗi sama da abin da za ta yi a kasuwa.

A nan ne ya kamata a tsaya. Ɗan kasuwar da ya yi shirin gina bene bisa ribar jika 300 a wata, ya wayi gari ya ga jika 200 ke shigowa, abu biyu ke gabansa: ya rage benen, ko ya koma wurin masu gida ya gaya musu gaskiya. Hukumar ba ta koma wurin masu zaɓe ba, ratar 877 ba ta ba ta ƙarfin zuciyar yin haka ba. Sai ta shiga gutsure-gutsure. A wasu sassan hanya aka ce azara ɗaya za a aza maimakon biyu, wato jirgin da ke zuwa ya dakata wa mai dawowa, abin da ke rage yawan jiragen da layi zai iya ɗauka har abada, ko da gari ya ninka. Aka rage jirage, aka sauƙaƙa tashoshi, aka jinkirta wasu. Ana cikin haka ga rigimar hanya: masu manyan benaye a tsakiyar gari ba su son jirgi ya riƙa wucewa ta bakin tagoginsu, masu kula da filin baje koli sun rabu biyu a kan ko ya ratsa filin ko ya kewaye, masu ƙaunar tsohon jirgin 1962 ba su yarda a rushe shi don sabo ba. Jirgin da ke tafiya a bisa bai cin fili da yawa, gaskiya ne, amma yana cin sarari, sararin kuwa ashe shi ma yana da masu shi.

Rami na biyu ya fito wajen ba da kwangila, kuma yana da nasaba da halittar jirgin kansa. Dogon jirgin ƙasa na gargajiya abu ne da duniya ta yi tarayya a kansa: in faɗin dogo ya zo daidai, tarago na wannan kamfani zai bi hanyar da wancan ya shimfiɗa. Monoray ba haka yake ba. Kowane kamfani da girman azararsa, da tayoyinsa, da kayan gyaransa. Wanda ya gina maka hanya shi zai sayar maka da jirgi, shi zai sayar maka da kayan gyara shekara talatin masu zuwa, a farashin da ya ga dama. Masu ƙera shi kuma ba su da yawa. A Siyatal rukuni biyu suka nuna sha'awa, ɗaya da Bombardier ta Kanada, ɗaya mai suna Cascadia da ya haɗa Hitachi ta Japan da Fluor ta Amurka. A 2004 rukunin Bombardier ya janye. Aka bar mai saye ɗaya da mai sayarwa ɗaya, mai sayen kuma ya riga ya shaida wa duniya ranar da zai buɗe layi. Duk wanda ya taɓa zuwa sayen rago ana gobe Layya ya san wa ke da bakin magana a irin wannan ciniki. Aka shige ɗaki aka rufe ƙofa, wata da watanni ana tattaunawa, jama'a ba su san abin da ake ciki ba.

Kada a ɗauka jirgin kansa ne ba shi da kirki. A Wuppertal ta Jamus wani irinsa, mai rataye a ƙarƙashin dogo, yana aiki tun 1901. Na Tokyo yana kai mutane filin jirgin sama na Haneda tun 1964. A Chongqing ta ƙasar Sin, garin duwatsu da koguna inda jirgin gargajiya zai sha wuya, an buɗe layin farko gadan-gadan a 2005, aka ƙara wani a 2011, suna ɗaukar dubban ɗaruruwan mutane kowace rana, har akwai tashar da jirgin ke ratsa cikin wani benen da mutane ke zaune. Amma na Sidni a Ostareliya, da aka buɗe a 1988, an tsayar da shi a 2013 aka kwance. Na Las Vegas, da aka buɗe a 2004 da alkawarin zai ci da kansa, kamfaninsa ya bayyana karayar arziki a 2010. Inda ya yi nasara, sai da aka duba yanayin gari da yawan masu tafiya sannan aka zaɓe shi. A Siyatal an zaɓi jirgin tun 1997, daga baya aka shiga nema masa hanya da fasinja da kuɗi. Yana da wasu lahani da masu ƙaunarsa ba su son a ambata: sauya masa layi sai an motsa azarar ɗungurungum, in kuma ya tsaya a bisa, sauko da mutane aiki ne. Tsohon jirgin garin ya tuna wa kowa wannan a ƙarshen watan Mayu na 2004, ranar da ya kama da wuta ɗauke da fasinjoji.

Duk da haka jama'a ba su juya baya ba. A Nuwamba na 2004 abokan adawa, da kuɗin wasu masu benaye, suka kawo takardar hana jirgin amfani da titunan gari. Aka kayar da su warwas, kusan kashi 64 cikin 100 suka tsaya wa jirginsu. Zaɓe na huɗu ke nan, nasara ta huɗu. Hukumar ta ci gaba da sayen filayen tashoshi.

A watan Yuni na 2005 aka buɗe ƙofar ɗakin. Kuɗin aiki sun tashi zuwa dala miliyar 2 da miliyan 100, wato sama da miliyar 1,000 na sefa bisa canjin wancan lokaci. Wannan kaɗai da an iya haɗiye shi. Abin da ya maƙale a maƙogwaro shi ne hanyar biya. Tunda lanhon bai isa ya biya ko kuɗin ruwan bashin a shekarun farko ba, sai aka tsara a ci wani kaso na bashin da sharaɗin ba za a biya komai a kansa ba sai bayan shekaru masu yawa, ruwan yana taruwa yana hawa kan uwa, shi ma yana haifar nasa ruwan. Masu ba da irin wannan rance sun san kasadar da ke ciki, don haka ruwansu ya fi na kowa tsada. Lissafin ba ya buƙatar digiri. Kuɗin da aka bari suna ruwa bisa ruwa a kashi 7 cikin 100 suna ninkawa cikin kimanin shekara 10. Cikin shekara 40 jika ɗaya ta zama kusan jika 15. Da ƴan jarida suka tara abin da za a biya daga farko zuwa ƙarshe, sai ya haura dala miliyar 11, cikin kusan shekara 50. A ranci ɗaya a biya biyar da ɗori. Jaririn da aka haifa a wannan shekara zai yi furfura yana biyan binyet ɗin jirgin da wataƙila tayoyinsa da taragonsa an sauya su sau biyu.

Masu kare shirin sun ce an yi musu rashin adalci, kuma maganarsu ba ta rasa ƙanshin gaskiya ba. Kowane bashi mai dogon zango, in aka tara uwa da ruwa wuri ɗaya, yana ba da tsoro. Ma'aikacin da ya ci bashin banki ya gina gida ya san haka. Dalar shekara ta 2050 kuma ba dalar 2005 ba ce, tsadar rayuwa za ta cinye mata ƙarfi. Sai dai wannan amsa ba ta taɓa asalin ciwon ba. Lanhon ga shi an jinginar da shi kaf, na rabin ƙarni, a kan layi ɗaya da aka riga aka gutsure. In fasinja ba su zo yadda aka zata ba, ko darajar motoci ba ta hau yadda aka rubuta ba, babu wani aljihu na biyu. Kuma mutanen da suka yi kuskuren kashi ɗaya cikin uku a hasashen shekara guda su ne ke neman a yarda da hasashensu na shekara hamsin. Ma'ajin jihar Washinton, Mike Murphy, ya fito fili ya soki tsarin.

Daga nan abin ya zo da sauri. Kwamitin ya janye tsarin biyan a ƙarshen Yuni. Ranar 4 ga Yuli, ranar bikin ƴancin Amurka, Weeks da Horn suka ajiye aiki. A watan Satumba magajin gari Greg Nickels, wanda da yake goyon baya, ya janye hannunsa, majalisar gari ta bi shi baki ɗaya. Hukumar ta yi ƙoƙarin ƙarshe, ta yanke layin zuwa kilomita 17, ta kai wa jama'a. Ranar 8 ga Nuwamba na 2005 kashi 65 cikin 100 suka ce a'a.

Ƙin jirgin bai share bashin da aka riga aka ci ba. Masu motoci suka ci gaba da biyan lanhon har cikin 2006. Aka sayar da filayen da aka saya, da ɗan riba ma, don ƙasa ta yi tsada a tsakani. Waɗanda aka tilasta wa sayar da shagunansu don tashar da ba a gina ba, su ba su ga wannan riba ba. A watan Janairu na 2008 aka rufe hukumar. Abin da ta ci wa jama'a dala miliyan 124 da dubu 700, sama da miliyar 60 na sefa, a albashi da lauyoyi da injiniyoyi da zane da talla da kuɗin ruwa.

Asara ce, ba mai musu. Amma in aka ɗora ta a sikeli da ta wasu wurare, sai a ga mutanen Siyatal da sauƙi suka fita. A Fatakwal, cikin jihar Ribas ta Najeriya, gwamna Rotimi Amaechi ya fara irin wannan jirgi, aka kafa ginshiƙai a tsakiyar gari, aka shimfiɗa abin da bai kai kilomita 3 ba, aka kawo tarago har aka gwada shi. Da Nyesom Wike ya hau a 2015 ya ce ba zai ƙara sa kuɗin jiha a ciki ba, aikin ya mutu a tsaye bai taɓa ɗaukar fasinja mai biya ba. Can ba a tambayi talaka ba ranar farawa, ba a tambaye shi ba ranar bari. Mutanen Nijar su ma sun ga dogon Yamai zuwa Doso, kilomita kamar 140, da kamfanin Bolloré ya shimfiɗa aka yi masa biki a Janairu na 2016, alhali rigimar wa ke da haƙƙin aikin tana gaban kotu a Benin, dogon kuma bai haɗu da na Paraku ba. Bambancin Siyatal shi ne takardar bashin ta fito fili tun ba a sa hannu ba, aka samu ƴan jaridar da suka zauna suka tara lambobin, aka samu ma'ajin da bai ji tsoron faɗa ba, dokar da ta buɗe wa direban taksi ƙofa ita ce kuma ta ba maƙwabtansa damar rufe ta.

Laifin da ba a iya wanke masu shirin daga gare shi shi ne na shekara biyun nan, daga 2003 zuwa 2005. Sun san kuɗi ba su isa, suka ci gaba da sayen fili da buga talla, suka kai mutane zaɓen 2004 ba tare da farashi a hannu ba. Manyan garin su ma ba su fita ba. Sun raina maganar tun farko don daga bakin direba ta fito, ba su kawo wadda ta fi ta ba, da suka ga jama'a na so sai suka bi, da suka ga iska ta juya sai suka zame.

Cushewar da ta tayar da maganar kuwa tana nan inda take. Jirgin Sound Transit, wanda aka yi ta yi wa dariya, ya fara aiki a watan Yuli na 2009, aka yi ta ƙara masa tsawo, amma bai bi ta Ballard ko Siyatal ta Yamma ba. A 2014 wasu suka sake kawo takardar monoray, kashi 80 cikin 100 suka ƙi. A 2016 mutanen yankin suka amince da sabon shiri na dala miliyar 54, a cikinsa har da kai jirgin ƙasa mara nauyi waɗannan unguwanni biyu da Koren Layi ya yi wa alkawarin 2009. Ranar da aka ba Siyatal ta Yamma a lokacin ita ce 2030, Ballard 2035. Daga baya aka ɗage ta farko zuwa 2032, ta biyu zuwa 2039.